Kundin aikin tsima jatan lande irin na Filifin: balao-balao da bagoong alamang

3 ga Maris, 2025

Aikin na kwalba huɗu ne, a wani kicin da ke lardin Pampanga, arewa da Manila, a tsibirin Luzon. Uku na balao-balao ne: ɗanyen jatan lande da ake cakuɗawa da dafaffiyar shinkafa da gishiri, a rufe, a bari ya yi tsami. Masu jin Tagalog suna kuma ce masa burong hipon, 'yan ƙabilar Kapampangan na wannan lardi kuwa suna cewa tagilo. Ta huɗu bagoong alamang ce, wadda babu shinkafa a cikinta, daga gishiri sai wani mitsitsin jatan lande na teku da ake kira alamang, wanda tsawonsa bai fi gaɓar yatsa ba.

Baƙo yakan ɗauka abu ɗaya ne, tunda duk ƙarni ke tashi. Ba haka ba ne. A bagoong gishiri ne mai tsaron gida: ana zuba shi da yawa har ƙwayoyin ruɓa su kasa motsi, sai sinadaran narkar da abinci na cikin jatan landen kansa su yi ta narkar da namansa tsawon watanni. A balao-balao gishirin kaɗan ne, tsami ne mai tsaron. Bakteriya masu kawo tsami, dangin waɗanda ke mayar da madara nono ko su tsamama gasara, su ke cin shinkafar su fitar da asid cikin kwana bakwai zuwa goma. Duka biyun ba hanyarsu ɗaya da daddawa ba. Ita daddawa ba tsami take yi ba, shi ya sa zarnin da ake yafe wa daddawa, idan aka ji shi a balao-balao, alamar ɓaci ce.

Yau an wanke kwalaben gilas masu cin lita biyu-biyu, an ɗauraye da tafasasshen ruwa, an kife su bushe. An tanadi sikelin kicin mai auna giram da takardar gwajin pH, wato ma'aunin tsami (lambar na raguwa, tsami na ƙaruwa), wadda ke tafiya rabi-rabi, wato 4, 4.5, 5 da sauransu. Ba ta da ƙwarewar na'ura, amma ta isa ta nuna ko an gangaro ƙasa da 4.6, iyakar da ƙwayar Clostridium botulinum, mai sa guba a abinci, ba ta iya yaɗuwa a ƙasa da ita.

Gishiri: na teku mai tsakuwa, daga Pangasinan, marar aidin. Sunan lardin ma ma'anarsa wurin yin gishiri. Tun 1995 dokar da ake kira ASIN ta wajabta sa aidin a gishirin ci a Filifin, masu yin bagoong kuwa sun daɗe suna ƙorafin cewa gishiri mai aidin yana ɓata musu launi da ɗanɗano. A 2024 aka yi sabuwar doka da ta sassauta wa masu gishirin gargajiya. Mun bi ra'ayin masu sana'ar.

4 ga Maris, ranar haɗawa

An sayo jatan lande da asuba, kilo ɗaya, ƙanana masu laushin ɓawo, wasu ma suna motsi. Wannan shi ne sharaɗi na farko. Wanda ya kwana a kan tebur, kansa ya fara baƙi, ya riga ya tara ƙwayoyin ruɓa da za su riga masu tsami kama wuri. An yanke gashin baki da ƙahon nan mai tsini na goshi da almakashi, an bar kai da ɓawo. An wanke sau biyu, an tsane a kwando minti ashirin.

Shinkafa fara, kilo 1.2, da ruwa lita 2.4, babu gishiri babu mai. An bar ta ta yi laushi fiye da ta ci, amma ba ta kai tuwo ba. Ta ba da kilo 3.4. An baza ta a faranti ta huce sarai. Idan aka zuba ta da ɗuminta a kan ɗanyen jatan lande, sai ta ɗan turara shi, ta kuma kashe wani ɓangare na bakteriyar da ake nema, domin daga jikin jatan landen da kayan aikin suke fitowa, ba daga shinkafar da ta sha wuta ba.

Kwalba ta 1: jatan lande giram 250, gishiri giram 50, shinkafa kilo 1.2. Gishirin kashi 20 cikin ɗari ne na nauyin jatan landen, amma idan aka haɗa da shinkafar ya koma kashi 3.3 na duka abin. A riƙe waɗannan lambobi biyu daban.

Kwalba ta 2: daidai da ta 1, sai ƙarin giram 10 na dakakken angkak, wato jar shinkafar da aka rena wani fumfuna mai suna Monascus purpureus a jikinta. Shi ke ba wa buro, wato irin wannan tsimi na shinkafa da jatan lande ko kifi, na wasu garuruwa launin hoda.

Kwalba ta 3: jatan lande giram 500, gishiri giram 50, shinkafa kilo ɗaya. Da gangan aka ninka jatan landen, don a ga ko za a iya samun mai yalwar nama ba tare da ƙara gishiri ba. A lissafin duka abin gishirin kusan ɗaya ne da na kwalba ta 1, kashi 3.2. A kan jatan landen kuwa kashi 10 ne kawai.

An cuɗe jatan landen kowace kwalba da gishirinsa, an ajiye awa biyu. Ruwan da ya tsatso ba a zubar ba, an haɗa shi da shinkafar. Wasu suna zubarwa, amma in an zubar, ba wanda zai iya faɗin gishirin da ya rage. An cakuɗa da hannu, ana murje curin shinkafar, aka dinga zubawa kaɗan-kaɗan ana dannawa da muciya har babu ramin iska da ake gani ta jikin gilas. A sama an shimfiɗa gasasshen ganyen ayaba, an ɗora ƙullin leda mai ruwan gishiri ya danne. An bar sarari kamar yatsa uku. Murfi an ɗaura, ba a matse ba.

Kwalba ta 4: alamang kilo 1.5, gishiri giram 500, wato uku bisa ɗaya. Tsintar alamang ita ta ci lokaci: ƙananan kifi, ɓaraguzan katantanwa, yashi, har da guntun igiyar koma. An ɗauraye da ruwan gishiri, ba ruwan famfo ba, an tsane sosai, an cuɗe da gishirin har kowane ɗan jatan lande ya samu rabonsa. An rage giram 50 daga cikin gishirin aka barbaɗa a sama. An ɗaure bakin da ƙyalle mai tsabta ninki biyu, sannan murfi.

Zafin ɗakin da rana digiri 32. pH na kwalabe ukun farko tsakanin 6.5 da 7.

6 ga Maris, kwana 2

Kumfa ta fara hawa a kwalba ta 1 da ta 2, 'yan ƙananan ƙwayoyi suna bin jikin gilas. Wannan aikin Leuconostoc mesenteroides ne, wadda yawanci ita ke buɗe fage, tana ba da asid da iska tare. pH 5.5 a duka biyun. Ƙamshin kamar na kamun da ya kwana, da ƙarni a bayansa.

Kwalba ta 3 ita ma tana kumfa, amma takarda ta nuna 6.5.

7 ga Maris

Kwalba ta 1 ta yi ambaliya cikin dare. Iskar ta ɗago shinkafar sama ta ture ganyen, ruwa ya bi ta gefen murfi. Sararin yatsa uku bai isa ba a irin wannan zafi. An kwashe cokali huɗu, an sake dannawa da cokali mai tsabta, an goge bakin kwalbar, an canza ganye, aka sa kowace kwalba cikin faranti. Gaba za a tsaya a kashi biyu bisa uku na kwalbar.

8 ga Maris, kwana 4

Kwalba ta 1 da ta 2 sun kai 4.5. Shinkafar ta saki, ta fara zama kamar kunu mai kauri, jatan landen kuma ya juye daga ruwan toka zuwa ja mai haske kamar an dafa shi. Ba dafuwa ba ce. Launin jan dama yana cikin ɓawon, wani furotin ne ke riƙe da shi ya ɓoye shi. Zafi yakan sake shi, asid ma haka. Don haka jan ɓawo a cikin kwalba shaida ce mai kyau cewa tsami ya ratsa, musamman ga wanda ba shi da takardar gwaji. A kwalba ta 2 wannan shaida ba ta da amfani, angkak ya rine komai tun ranar farko. Wannan wani aibi ne nasa da ba a cika faɗa ba.

A ta 3 jatan landen da ke kusa da gindi ya ɗan yi ja, na tsakiya da na sama suna nan a toka-toka, kawunan wasu sun yi baƙi. pH 6. An buɗe murfin, warin ya bambanta da na 'yan uwanta, akwai wani abu mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai a ƙasan tsamin.

10 ga Maris, kwana 6

An zubar da kwalba ta 3. pH bai sauko ƙasa da 5.5 ba, zarni ya fito fili, ruwan saman yana yauƙi, jatan landen yana dagargajewa da an taɓa shi. Ba a ɗanɗana ba, kuma ba a yi tunanin ceto ta da dafuwa ba, domin histamin, sinadari mai cutarwa da ƙwayoyin ruɓa ke tarawa a kayan teku, wuta ba ta kashe shi.

Abin da ya faru, a fahimtarmu, hawa biyu ne. Na farko, gishirin awa biyun farko. Amfaninsa shi ne ya tsotse ruwan jikin jatan landen ya ratsa naman kafin shinkafa ta zo ta raba shi. Kashi 20 yana yin wannan aiki, kashi 10 bai yi ba, sai naman ya shiga kwalba kusan a ɗanyensa. Na biyu, ɓawo da nama suna shanye asid. Ɓawon jatan lande yana da alli a cikinsa, alli kuwa yana kashe tsami kamar yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa a miya. Da aka ninka jatan landen aka rage shinkafar, an ƙara mai shan asid, an rage mai ba da shi. Bakteriyar tsami suna aiki, amma abin da suke fitarwa yana shanyewa, ƙwayoyin ruɓa kuma suka samu kwana huɗu zuwa biyar a cikin zafin digiri 32 babu mai hana su.

Kenan lissafin gishiri a kan duka abin, wanda ya sa kwalba ta 3 ta yi kama da ta 1 a takarda, yaudara ce. Yawan shinkafar da tsofaffin masu buro ke zubawa, wanda mai gani zai ce rowar jatan lande ce, yana da dalilinsa.

11 ga Maris, kwana 7

Kwalba ta 1 da ta 2: pH 4. Kumfa ta lafa. A wannan mataki bakteriya masu jure tsami, irin su Lactobacillus plantarum, su ke riƙe da wurin, kuma ba sa yawan iska. Wata farar yana mai taushi ta kwanta a gefen ganyen a kwalba ta 1, inda ambaliya ta bar shinkafa a buɗe. Yis ne mai son iska, ba fumfuna mai gashi ba. An kwashe ta tare da shinkafar da ke ƙarƙashinta kaurin yatsa ɗaya. Da a ce kore ce ko baƙa mai gashi, da kwalbar ta bi sahun ta 3.

Bagoong: ruwa ya taso ya rufe alamang, launin ya dushe daga hoda zuwa toka mai sirkin shuɗi. An juya da busasshen cokali. Akwai sauran gishirin da bai narke ba a gindi, kuma haka ake so.

14 ga Maris, kwana 10

An tsayar da kwalba ta 1 da ta 2, an sa su firij. Takarda ta nuna 4, ta 1 ma tana neman 3.5. Ɓawon ya yi laushin da ake murje shi tsakanin yatsu biyu, kai da ƙafafu duk ana ci.

Balao-balao ba a cin sa daga kwalba. Ɗanyen jatan lande yana iya ɗaukar ƙwayar cutar Vibrio, kuma duk da tsami yana karya ta, soyawa ita ce al'ada kuma ita ce kariya. An zuba mai cokali uku a kasko, tafarnuwa ƙwaya shida, albasa ɗaya, tumatir biyu, aka soya har tumatir ya narke. Sai kofi biyu na balao-balao da rabin kofin ruwa, wuta kaɗan, ana juyawa ba tsayawa minti goma sha biyar. Yana kamu da sauri, sitacin shinkafar ne, wanda ya juya baya zai dawo ya tarar da ƙanzo. Warin da ke tashi a mintunan farko sai an buɗe tagogi. Daga baya ya kwanta ya koma kamar na cuku mai tsami.

An ci shi yadda ake ci a Pampanga: da gasasshiyar tarwaɗa, wadda suke kira hito, da dafaffen yalo dogo, da kuɓewa, da ampalaya mai ɗaci, ɗan uwan garahuni. Ana yagar ɗanyen ganyen mustasa, wani ɗan uwan kabeji, a sa tsokar kifi da cokalin buro, a naɗe a kai baki. Ganyen yana da ɗan yaji, kifin yana da maiƙo, tsamin ya yanke maiƙon. Mahaɗi ne, ba tuwo ba, cokali biyu zuwa uku sun ishi mutum.

Ta 1 ta fi tsami da kaifi. Ta 2 ta fi kyan gani, ɗanɗanonta ya ɗan fi zagaye, amma bambancin bai kai yadda masu son angkak ke zuzutawa ba. Giram 10 ya yi yawa, ta yi ja har tana ɓata yatsu. 5 zai isa. Garin Candaba, mai babbar fadama a gabashin lardin, ya yi suna da irin wannan buro da ake yi da kifin ruwan daɗi, kuma tsarin ɗaya ne.

19 ga Maris

Sabuwar kwalba, ta 5, don a koma kan tambayar da ta 3 ta bari: jatan lande giram 400, gishiri giram 80, shinkafa kilo 1.2. Wato ɗaya bisa uku, gishiri kashi 20 a kan jatan lande, kashi 4.8 a kan duka. An ƙara cokali biyu daga kwalba ta 1 a matsayin iri, kamar yadda ake barin ragowar nono a ƙwarya. An raba ta kwalba biyu don kada a sake ambaliya.

Bagoong ta cika kwana goma sha biyar. An tarar da ƙwan ƙuda a bayan ƙyallen, fari-fari a jere a inda ruwa ya jiƙa shi. Bai shiga ciki ba. An canza ƙyalle, an wanke bakin kwalbar da ruwan gishiri mai ƙarfi. Ƙuda shi ne babban abokin gabar wannan sana'a, ya fi kowace bakteriya, domin gishiri kashi 25 ya gama da mafi yawansu, amma tsutsa tana rayuwa a busasshen gefen kwalba inda ruwan gishiri bai kai ba.

24 ga Maris

Kwalba ta 5, kwana 5: pH 4.5, ɓawo ya yi ja, babu zarni. Ta yi jinkirin kwana ɗaya a kan ta 1, abin da ake tsammani daga ƙarin gishiri da ƙarin ɓawo.

28 ga Maris

Ta 5 ta kai 4, an sa ta firij. Ta fi duka garɗi, amma gishirin ya fito, sai an ƙara tumatir da ruwa wajen suya. Kuskuren tsarin gwajin namu ne: an canza abu uku lokaci guda, yawan jatan lande da gishiri da iri, saboda haka ba a san wanne ya cece ta ba. Sai an sake ta babu iri.

Ragowar ta 1 a firij, bayan mako biyu, ta ƙara tsami kaɗan, ruwa ya rabu ya taso. Tana nan lafiya. Wadda aka soya aka ajiye kuwa kwana biyar ta yi aka cinye.

4 ga Afrilu, bagoong wata ɗaya

Alamang ya fara narkewa, amma har yanzu ana ganin siffarsa da ɗigon baƙaƙen idanun nan. Launi toka mai sirkin shuɗi. Bagoong mai hoda shar da ake gani a kasuwa rini ne, ko angkak ko kalar abinci, ba alamar nuna ba ce. Ruwa mai launin shayi ya kwanta a sama kaurin yatsa biyu. Irinsa ne ake tacewa a sayar a matsayin patis, ruwa mai gishiri da ake ɗanɗana abinci da shi. Ba a kwashe ba tukuna, shi ke raba naman da iska.

An ɗebi cokali uku an soya da tafarnuwa, albasa, sukari cokali ɗaya da ɗan ruwan khal, aka gwada da ɗanyen mangwaro. Gishiri ne a gaba, daɗin yana can baya bai iso ba. Ana iya ci, amma ba ta kai wadda za a ajiye kusa da kare-kare ba, miyar gyaɗar nan ta wutsiyar sa wadda da gangan ake dafa ta lami don bagoong ta cike gurbin gishiri. Ga mai kiyaye halal: soyayyar bagoong ta kwalba ko ta gidan abinci wani lokaci da kitsen alade ake yin ta, sai an karanta ko an tambaya. Ɗanyarta daga jatan lande sai gishiri.

Tamu mai ruwa-ruwa ce, irin ta Luzon. A Iloilo da kewayenta ana shanya alamang a daka shi ya zama curi mai ƙarfi, ginamos, ana tara shi tuli a kasuwa ana yanka wa mai saye. Wannan ya fi kusa da belacan na Malesiya da terasi na Indonesiya. Idan an samu alamang mai kyau a watan nan za a gwada rabin kilo ta wannan hanya.

12 ga Afrilu

An haɗa kwalba ta 6 jiya: awon ta 5 daidai, babu iri. Yau da yamma pH 6.5, kumfa ba ta fara ba. Zafin ɗaki ya hau zuwa digiri 34, don haka za a gwada ta safe da yamma, kuma idan ba ta sauko 5 ba a kwana na huɗu za a zubar.

Bagoong ana fitar da ita rana awa uku kullum, a rufe, ana juyawa duk kwana uku. Gishirin gindi ya kusa ƙarewa, an ƙara giram 30. Ɗanɗani na gaba 4 ga Mayu, sannan 4 ga Yuni idan ta cika wata uku.